Kofin da Inna Ta Ture

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban yara da yaran gaba ɗaya. Yaya aiki, yaya zafin ɗakin wankin otal ɗin nan naku? Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafafuna da suka kumbura har takalmin maigidana Injiniya nake zurawa in tafi makaranta, 'yan ajina suna ta ƙunshe dariya.

Direban da ke kawo wa kamfaninsu siminti ne zai ba ki wannan takarda. Kin san halin wurin nan, waya ba ta shiga sai mutum ya hau tudun bayan tankin ruwa, ni kuwa yanzu hawan tudu ya fi ƙarfina. Ranar da na lallaɓa na hau ma, ta yi ta ƙara ba ki ɗauka ba.

Yaya, cikin nan ya tsufa. Ungozoma ta ce in fara haɗa kaya. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Asibitin nan ɗaki biyu ne, gadon haihuwar ma da bulo aka tokare ƙafarsa ɗaya. Duk ranar awo sai in ga kowace mace da uwarta ko yayarta tana riƙe mata jaka, ni kuwa Injiniya ne ke tsaye a waje yana duba agogo kamar wanda ya zo karɓar kaya. Tun da Inna ta rasu ke kika yi mini komai, ke kika yi mini kitso, ke kika kai ni makaranta. Wannan ma ke nake so.

Na sa shi ya kwashe taswirorinsa da takalman aikinsa daga ƙaramin ɗaki, mun sa katifa da labule. Tafiyar yini guda ce kawai a mota. Ki nemi hutu tun yanzu, ki zo in ji dariyar nan taki da ke sa maƙwabta leƙowa ta taga. In na ji ta, na san ko naƙuda ma za ta zo da sauƙi.

Ki gaishe da kowa.

Autarki

*

Autar Inna,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Baban yara yana gaishe ki, yaran ma haka. Ki riƙa ɗora ƙafafun a kan filo in kin dawo daga aiki, kuma ki gaya wa ungozoma maganar kumburin, kada ki ce ba komai.

Maganar zuwa, ki yi haƙuri, ba zai yiwu ba. Otal cike yake da baƙi, shugabarmu ba za ta ba ni hutu ba. Ga shi tafiyar da nisa, ni kuma yanzu zaman mota ba na iya shi. Ki nemi matar wani abokin aikin Injiniya mai hankali ta tsaya miki. Mata suna haihuwa kullum, ke ma Allah zai sauke ki lafiya.

Ga ƙunshi nan na ba direba. Fararen zannuwana ne duka, har da mai ɗigon shuɗin nan da kike cewa in bar miki, da doguwar rigata ruwan madara. Ki riƙe su, ni ba zan ƙara ɗaura su ba. Na sa miki kayan jariri kaɗan a ƙasa.

Kada ki wahalar da kanki da hawan tudu don kirana, a wurin aiki ƙarar injin ba ta bari in ji.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Kumburin ya ɗan sauka, ungozoma ta auna jinina ta ce babu matsala.

Na karanta takardarki har na kusa haddace ta, ban ga Yayata a ciki ba. Ke da kike cika shafi huɗu da labarin baƙin otal da abin da suke mantawa a aljihu, yau layi goma kika iya yi mini? Wai in nemi matar abokin aikin Injiniya. Haba Yaya. Na yi kuka har Injiniya ya rasa inda zai sa kansa.

Da farko na ɗauka fushi kike yi. Na tuna zuwanmu na ƙarshe, da Injiniya ya tsokane ki ya ce ko kin ƙulla yarjejeniya da banɗaki ne, kika tashi kika bar falon. Na sa shi a gaba, ya rantse wasa yake yi, ya ce in ba ki haƙuri. To ga haƙurin nan, in shi ne.

Amma da na kwance ƙunshin nan gabana ya faɗi. Mai fushi ba ta kyautar zanen da ta fi so. Kin wanke su, kin goge, kin ninke kamar na baƙin otal, kika ce ba za ki ƙara ɗaura su ba. Me ya sa ba za ki ƙara ba? Jikina ya yi sanyi, na kasa haƙuri na hau tudun nan ina haki, na kira babbar 'yarki. Ta ce kin rame. Ta ce kin daina zuwa ko'ina in ba aiki ba, kin koma kwana a tabarma a ɗakinsu, kuma ta manta rabon da ta ji dariyarki. Ta ce ko abin dariya aka yi, sai ki danne baki ki fita.

Yaya, mene ne? Ko ma mene ne ki faɗa mini. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali, abinci ma turawa kawai nake yi saboda abin da ke cikina.

Autarki

*

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da maigidanki. Ni ne Baban yara. Kin san ni da rubutu sai dole, to dolen ce ta zo. Direba ya zo har sau biyu ya koma hannu wofi, na ga bai kamata a ci gaba da barin ki cikin duhu ba.

Kada ki tayar da hankalinki, da sauƙi yanzu. Yayarki ta faɗi a wurin aiki. Tana ciro zannuwan gado daga injin ne jiri ya ɗebe ta, abokan aikinta suka kai ta asibiti, aka kira ni daga shagon gyarana na bar firjin mutane a buɗe. Na same ta jikinta zafi rau, leɓenta duk ya tsage. Likita ya ce jikinta babu ruwa ko kaɗan, kuma cuta ta shiga mafitsara tana neman hawa ƙoda. Ya tambaye ni ko ba ta shan ruwa ne. Na ce tana sha mana. Sai wata abokiyar aikinta ta ce a'a, ta daɗe ba ta ga ta kai kofi baki ba, a cikin wannan tururin. Kunya ta kama ni, mutum yana gida ɗaya da matarsa bai sani ba.

An yi mata ƙarin ruwa da allurai, zazzaɓin ya sauka. Amma da aka ce za a tura ta wajen likitar mata a duba ta, sai ta ƙi. Na lallashe ta, nas ta lallashe ta, ta juya fuska bango. Har aka sallame mu ba ta yarda ba.

Zan gaya miki gaskiya tunda ke ƙanwata ce. Da ta bar ɗakinmu na ɗauka ni ne ba ta so kuma, na yi ta bincikar kaina ko na yi mata wani laifi. Yanzu na gane ba haka ba ne, kuma wallahi da ma hakan ne, da ya fi mini sauƙi. Ta kira babbar 'yarmu tana nuna mata inda takardun makarantar ƙannenta suke. Ban san abin da take gani ba wanda mu ba mu gani. Ke kaɗai take jin maganarki. Na ajiye mata takarda da biro a gefen tabarma, na ce ba zan tafi shago ba sai ta rubuta miki.

Yayanki, Baban yara

*

Auta,

Ina gaishe ki. Na ji sauƙi, na koma aiki. Mutumin nan ya kafa ya tsare, ga shi can bakin ƙofa ya yi tagumi, don haka zan rubuta. Ki karanta ke kaɗai.

Fitsari ne yake zubo mini. Ga shi na faɗa. Tun bayan haihuwar ƙaramin ɗana ya fara, ɗan ɗigo in na yi atishawa ko tari, ban ɗauke shi komai ba. Bara ya ƙaru. In na yi dariya, in na ɗaga kwandon jiƙaƙƙun zannuwa, in na sauko daga mota, sai in ji ɗumi. Wani lokaci kuma ya matse ni farat ɗaya, kafin in hau matakalar nan in wuce ofishin shugabarmu in kai banɗaki, an gama. Audugar mata ba ta riƙewa, na koma tsumma. Ina wanke wa baƙi zannuwa fes, ni kuwa ina tsoron wanda zai matso kusa da ni ya ji wari. Alwala nake yi a kai a kai, ina salla zuciyata tana wurin zanena. Shi ya sa na koma baƙaƙen kaya, shi ya sa na bar wa Baban yara gadon. Ranar da Injiniya ya yi wasan nan ba fushi na yi ba, dariya ce ta kusa kufce mini a kan kujerar mutane.

Da iyakarsa ke nan da na daure. Amma akwai wani abu da yake saukowa ta ƙasa. Da safe babu shi. In na yini a tsaye, zuwa la'asar sai in ji nauyi a marata, in na taɓa in ji ƙullutu kamar ƙwai a bakin wurin. Ranar da na fara taɓa shi, a banɗakin ma'aikata, zama na yi a ƙasa. Na san shi, Auta. Na taɓa ganinsa.

Ke kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Haka Inna ta fara. Baƙaƙen zannuwa, leda a kan katifa, turare a ɗaki ba dare ba rana. Ni nake yi mata wanka da ta kwanta, na ga abin da idona. Ba ta yarda kowa ya duba ta ba, ko Baba bai sani ba. Daga baya zazzaɓi ya zo, da ciwon baya, ta fara magana ba kan gado, shi ke nan. Ranar da aka fita da ita na ji Goggo tana gaya wa mata cewa ciwon daji ne ya cinye ta ta ƙasa. Shekarun da take da su a lokacin, su nake da su yanzu.

Ruwan kuwa, dabara ce. In ban sha ba, babu abin da zai zubo. Sai na dawo gida nake ɗan kurɓa. Ban san zai kayar da ni ba.

Kin ce me ya sa ban faɗa miki ba. Ta yaya zan dubi mai ciki wata takwas in ce mata ga abin da haihuwa ta bar mini? Kuma ta yaya zan zauna yini guda a mota cikin mutane? Gadon likitar nan kuma ba zan hau ba. Muddin ba a kira sunan abin ba, ina iya tashi da safe in tafi aiki. In aka kira, na san kwanciya zan yi. Abin da nake roƙon Allah kawai ya bar ni in ji kin sauka lafiya. Kada ki matsa mini.

Yayarki

*

Yayata,

Ina gaishe ki da jiki. Mu lafiya, yaron nan sai harbi yake yi.

Na karanta a ɗakin malamai lokacin hutun tara, da ƙyar na iya komawa aji. Ashe duk wannan kike ɗauke da shi ke kaɗai, ni ina nan ina yi miki ƙorafin layi goma. Ki yafe mini.

Kin ce ba zan tuna Inna ba. Fuskarta kam ta ɓace mini, amma abu ɗaya yana nan. Ina tuna ki a durƙushe gaban gadonta da kofin silba, ina tuna hannunta yana ture shi. Kullum na rufe ido ina neman Inna, hannun nan nake gani. Na girma ina ɗauka haka manyan mata suke yi, ba su cika shan ruwa ba.

Tunda kin buɗe mini cikinki, bari ni ma in buɗe miki nawa. Ni ma yana zubo mini. Tun cikin yana wata shida, in na ɗaga murya a aji ko na yi atishawar alli. Rannan a gaban allo ya faru, Allah ya so ni rigar mai duhu ce. Ban gaya wa ungozoma ba, ina zan iya? Ni ma dabararki na kama ba tare da na san taki ce ba. Ba na shan komai sai an tashi daga makaranta. Kaina yana yawan ciwo, marata tana ɗaurewa da rana, amma aƙalla ba na jin kunya a gaban yara.

Yanzu da na karanta takardarki na gane. Inna, ke, sai ni. Ashe a jininmu yake. Ban taɓa ƙasan ba don ina tsoron abin da zan ji. Yaya, in daji ne, zai taɓa yaron? In na haihu, wa zai riƙe shi, tunda ke ma ga yadda kike? Ba zan matsa miki ki je ba, don ni ma ba zan iya zuwa ba. Mu yi ta addu'a kawai.

Autarki

*

Auta,

Kafin ki karanta layi na gaba, ki tashi ki cika kofi ki shanye. Ba wasa nake yi ba. Ki shanye, ki ƙara, sannan gobe da sassafe ki tafi wurin ungozoma ki gaya mata komai, har ciwon kan da ɗaurewar marar. In bakinki ya yi nauyi, ki miƙa mata wannan takardar. Na roƙi direba ya juya da ita yau ɗin nan, Allah ya saka masa.

Ke wace irin yarinya ce? Da ciki kike hana kanki ruwa? Da na karanta, sai na hango ki kin faɗi a gaban allo yadda na faɗi a gaban injin. Ban san lokacin da na zari mayafi ba. Baban yara yana tambayata ina zuwa, na ce asibiti, ya bi ni da takalmi ƙafa ɗaya nasa ƙafa ɗaya na yaro. Tsoron gadon nan yana nan, amma wanda kika sa mini ya danne shi.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Tambayata ta farko a kanki ce. Ta ce ɗigon fitsari ga mai tsohon ciki abu ne da ake gani kullum, nauyin yaro ne a kan mafitsara, yawanci yana raguwa bayan haihuwa, kuma ba daji ba ne. Ta ce abin tsoron shi ne rashin shan ruwan. Kin ji dai.

Sannan ta juyo kaina. Ta yi ta tambaya, haihuwa nawa, akwai wadda ta daɗe, yaushe yake zubowa, ina ganin jini ko babu, bayan gida yana yi mini tauri, me nake ɗagawa a wurin aiki. Abubuwan da ban taɓa furtawa ba na faɗe su ina kallon kalandar bango. Aka ba ni ruwa na sha, aka jira mafitsara ta cika, sannan na hau gadon. Na kwanta. Nas ta rufa mini zane ta riƙe hannuna. Likita ta ce in yi tari. Na ce ai kin san abin da zai faru. Ta ce shi take son gani. Na yi, ya zubo a gabansu, na rufe fuska ina jira in ji tsaki. Sai kawai nas ta sauya ledar kamar yadda nake sauya rigar filo.

Ta ce in yi yunƙuri, abin ya sauko, ta duba shi da fitila, ta tura shi ya koma. Ta ce, “Kin ga ya koma? Wannan mahaifarki ce da bangon mafitsara suka sauko. Naman da ke riƙe da su daga ƙasa ne ya saki, saboda haihuwa da ɗaukar nauyi. Yau kaɗai ke ce ta uku.” Ta ce ba irin yoyon fitsarin nan ba ne na wadda ta samu rauni wurin naƙuda, babu inda ya huje. Bayan na yi fitsari suka ɗora mini na'urar hoto a mara don su ga ko yana saura a ciki, suka kuma karɓi wani fitsarin don gwaji.

Na ba ta labarin Inna. Ta ce ba za ta iya sanin abin da ya kashe wadda ba ta gani ba. Amma saboda shi, da kuma wani ɗan gyambo da ta gani inda tsumma yake gogar wurin, ta ɗebi wani abu daga bakin mahaifa an kai ɗakin gwaji. Ta ce tana kyautata zato, sai dai ba za ta ce babu ba sai ta gani a rubuce.

To ga ni nan ina jira. Duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya yanke ya faɗi. Ina guga ina ƙona hannu. Ki yi mini addu'a, ki kuma sha ruwa.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direba yana jira. Na je. Ungozoma ta yi mini faɗa kamar ta ari baki, ta gwada fitsarina, ta ba ni magani, ta koya mini wani matse jiki da zan riƙa yi. Yaron lafiya. Yanzu da gorar ruwa nake shiga aji, in ya zubo ya zubo, na sa auduga.

Amma motar ta zo sau biyu babu takardarki. Na kasa hawa tudun, Injiniya ya hau ya ce wayoyinku ba sa shiga. Sakamakon ya fito ne kika yi shiru? Kullum na wuce ƙaramin ɗakin nan sai in ja ƙofar, ba na son ganin katifar. Ko layi ɗaya ne ki aiko, ko da mummuna ne.

Autarki

*

Autar Inna, sarkin raki,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan ke da ɗan harbin naki haka. Ki kwantar da hankalinki. Babu daji. Na sa likitar ta faɗa sau biyu, na sa Baban yara ya shigo ta faɗa a gabansa. Mutumin nan ya fita ya tsaya yana kallon bango, wai wani abu ne ya faɗa masa a ido. Shirun kuwa, sakamakon ne ya yi jinkiri, ni kuma na rantse ba zan ƙara aiko miki da tsoro a ambulan ba.

Da gyambon ya warke ta sa mini wani zobe na roba a ciki, shi yake tokare mahaifar. Na ɗauka zan riƙa jinsa, ashe har mantawa nake yi, sai dai in riƙa komawa ana dubawa. Ta tura ni wurin wata mai koyar da motsa jiki, wai in koyi matse naman ƙasan nan kamar mai riƙe fitsari, in saki, in sake. Ranar farko na zage na matse haƙora, na ɗauke numfashi, na ɗaga gira, na yi ta nishi. Matar ta ce, “Baiwar Allah, duk jikinki yana aiki ban da wurin da na ce. Ke turawa ma kike yi.” Auta, dariya ta kufce mini. Na yi ta har da hawaye, ya zubo, na ci gaba da abata. Sai da wata nas ta leƙo ta taga.

Ban warke sarai ba, kada in yi miki ƙarya. In na yi atishawa mai ƙarfi har yanzu yana ɗan ɗigowa. Sun ce sai an yi watanni ana motsa jikin kafin a ga amfaninsa, in bai isa ba akwai aiki da ake yi, shi ma in na tuna gabana yana faɗuwa. Na samu shugabarmu na gaya mata gaskiya, ta mayar da ni wurin guga da ninki, ba na ɗaga kwando kuma. Na koma ɗakina.

Abu ɗaya ne ya ƙi barina. Ranar sakamakon likitar ta ce mahaifa in ta sauko sosai tana iya danne hanyar fitsari, in kuma mace ta hana kanta ruwa, cuta ta samu wurin zama ta hau ƙoda, da zazzaɓi da ciwon baya da rikicewar magana. Ba ta ce shi ne na Inna ba, ni ma ban tambaya ba. Na dawo gida na ciro kofin silbar nan daga ƙasan akwati, yana nan har yanzu da lotsawarsa. Na cika shi, na zauna na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da ita. Wataƙila daji ne, kamar yadda Goggo ta ce. Wataƙila kuma zoben roba ne kawai da ruwa suka raba mu da uwarmu. Ba za mu taɓa sani ba, tunda ba ta bar kowa ya gani ba. Da na gama kukan na shanye ruwan.

Kada ki ba da amsar wannan, zan riga ta isowa. Na karɓi hutu, ranar Asabar zan taso. Na gaya wa direban motar fasinja da bakina cewa ni mai lalura ce, in na ce ya tsaya ya tsaya, ya ce to Hajiya, ko a jikinsa. Ki buɗe ƙofar ɗakin nan ya sha iska. Ki ciro mini zanena mai ɗigon shuɗi, aro na ba ki ba kyauta ba, sauran ki riƙe.

Kuma ki shirya, bayan kin sauka zan riƙa yi miki tambayoyin da ba wanda ya yi wa Inna, ki kuma amsa mini ba sunkuyar da kai. In mace kika haifa, ita ma wata rana za mu zaunar da ita. Ki ajiye mana tulun ruwa a ɗakin da kofi ɗaya, ina tahowa da na silbar nan.

Yayarki